Hannun Hagu a Aji Biyar

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da hannun hagu ya tona mani asiri ba.

Lokacin ni ne shugaban kwamitin iyaye na firamaren ƙauyenmu, can gefen Kurawa (surutu ya ba ni kujerar, ba ilimi ba). Gwamnati ta ba mu tallafi, munka yi rufi da bencuna, ni kuma na cika kasuwar Sabon Birni da labarin yaranmu sun kusa fara koya wa malamai. Sai ga saƙo: jami'ar ilimi za ta zo ta ji karatun yaran. In sun iya, tallafi ya ci gaba. In ba su iya ba, a dakatar.

Hedimasta ya ce mu bar gaskiya ta yi halinta. Ni kuwa, sarkin dabara, na shiga aji biyar na yi huɗuba: in an yi tambaya, kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya sani, dama. Wanda bai sani ba, hagu. Malam sai ya zaɓi mai dama.

Jami'ar ta iso, dattijuwa mai gilashi. Ta karɓi alli ta rubuta jimla da kanta, ta ce wa zai karanta. Hannuwa sunka tashi kamar gero a damina. Na duba, na murza ido na sake dubawa. Duk hagu.

"Ikon Allah," ta ce. "Garin ga da hagu ake amsa ma babba?" Ta nuna yarinyar da ke gaba. "Ɗiyata, wa ya koya miki?"

Hadiza ce. Tawa, ta cikina.

"Baba ne. Ya ce wanda bai iya ba shi ɗaga hagu."

Da an yi dariya, da na samu sauƙi. Jami'ar ta cire gilashi ta dube ni.

"Na gode, Shugaba. Ka rage mani aiki."

An dakatar da tallafin har sai mun kawo tsarin yadda yaran za su iya karatu. Amma ba shi ya hana ni cin tuwo ba. Ni da na hau rufin makarantar nan na ƙwanƙwasa kwano ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa miƙa wa ɗiyata littafi na ce karanta mani ba.

Yanzu kafin in buɗe baki a kasuwa, sai na zaunar da ita ta karanta na ji. 'Yan acaɓa kuwa, har yau in na wuce, hagu suke ɗaga mani.