Rasuwar Shuɗiya, Mai Kiɗan Abincin Baba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Kuroiwa Sachie ta gidan ƙarshe a hanyar gonakin tuffa tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar na'urar wasan bidiyonta ta hannu, wadda aka fi sani da Shuɗiya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da tsakar rana, a kan teburin cin abinci, tana tsaka da aiki. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a jakar Sachie, shekarar da ta ajiye aikinta a birnin Sendai ta dawo jinyar mahaifinta, Tetsuji, da niyyar yin wata uku. Duk rayuwarta wasa ɗaya ta riƙe, na wasu makaɗa huɗu masu yawo gari gari suna ƙwato waƙoƙin da wani sarki maƙiyin sauti ya kulle a hasumiyarsa. Ba a yaƙi da takobi a ciki. Maɓalli ake dannawa daidai da bugun ganga, wanda ya saɓa kiɗa ya sha kashi.

An shaide ta da daɗin murya. Kowane gari a cikinta da nasa kiɗan, kuma duk sa'ad da sabon makaɗi ya shiga ayari sai kayan kiɗansa su shiga waƙar hanya. Abin da ya fara da sarewa ɗaya tilo ya zama sarewa da ganga da goge da murya, har mutum ya ji ba shi kaɗai yake tafiya ba. Sachie, wadda ko tafi ba ta iya yi daidai ba tun tana makaranta, a hannun Shuɗiya ta koyi bin kiɗa.

Ba a son tona aibin mamaci, amma marigayiyar tana da nata. Tana da surutu: mai gogen nan sai ya yi minti ashirin yana labarin ƙuruciyarsa kafin a buɗe ƙofa ɗaya. Ba ta san a dakata ba, in an fara yaƙi ko gobara ta tashi sai an gama. Ba ta adana inda aka tsaya sai a masaukin baƙi, alhali daga masauki na ƙarshe zuwa ƙolin hasumiya tafiyar awa biyu ce ba hutu. Wanda ya tsara wannan bai taɓa jinyar tsoho ba. Sau arba'in da wani abu Sachie ta kai hawa na bakwai, kuma kowane karo sai ta ji daga ɗaki, "Sachie, wa ya ɗauke min takalmi?" Kafin ta dawo an karkashe mata makaɗa.

Babban aikin marigayiyar ya fara shekara huɗu da suka wuce, lokacin da mantuwar Baba ta yi tsanani ya rufe baki ya ƙi abinci kwana biyar. Sachie ta gaji, ta ajiye cokali, ta ajiye Shuɗiya a tebur a kunne, makaɗan suna tsaye cikin masauki. Kiɗan masaukin ya yi ta juyawa, tin tin tararin, tin tararin, da 'yar ƙarar zzz ta fasasshiyar lasifika a ƙarshen kowane layi. Tsohon ya ɗaga kai ya ce, "Yau biki ake yi?" Ya buɗe baki.

Daga ranar makaɗan nan ba su sake taka waje ba. Sachie ta daina wasa da ita don kada ta ƙarar mata da kwana. Sau uku a rana ake kunna ta, a kashe da an ɗauke kwano.

Ciwon ajali ya fara da kumburin batir a farkon sanyi, sai layuka suka fito mata a fuska. An kai ta wurin mai gyara, ya juya ta ya ce an daina ƙera kayanta. Ta yi haƙuri ta ci gaba da aiki wata biyu. Ranar Talata, a cokali na uku, ta kai tin tin, ba ta ƙarasa ba.

Ta rasu ta bar Tetsuji, mai shekara tamanin da shida, wanda tun Talata shayi kawai ya sha da rabin tuffa gurzajje. Ta bar makaɗa huɗu a bakin ƙofar masauki, da cikakken shiri. Ta bar wayar caji. Ta bar Noboru, ƙanin Sachie, wanda ya yi ta'aziyya ta waya da cewa, "Haba Yaya, abin wasa ne fa. Ki sa masa waƙar a wayarki mana." An sa, ta fito tas ba ƙarar zzz. Baba ya saurara, ya kau da kai ya ce, "Ba ita ba ce. Wa ya wanke ta?"

Ta kuma bar Sachie. Ma'aikaciyar jinya ta ce in Baba bai ci ba zuwa Litinin za a kwantar da shi asibiti a sa masa bututun abinci, abin da ya roƙi 'yarsa tun yana da hankalinsa kada ta yarda a yi masa. Sachie tana tsoron Litinin. Abin da ya fi tsoratar da ita shi ne akwai wani sashe na zuciyarta da yake jiran ranar, kuma tana jin kunyar hakan matuƙa.

Za a yi sallama da marigayiyar ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe a haikalin kan tudu, tare da tsofaffin allurai da 'yan tsana, kamar yadda aka saba yi a nan wa kayan da suka gama aikinsu. Maƙwabciya Narita za ta ɗauki gawar a naɗe cikin ƙyalle, domin mai makoki ba ta da wanda za ta bar wa gida. Ba a buƙatar furanni.

Ana karɓar gaisuwa a gida, ban da sha biyun rana. A lokacin Sachie za ta zauna gaban Baba da cokali a hannu ɗaya, mataji da siririyar takarda a leɓenta, tana hura waƙar masauki ko ƙarar zzz ɗin za ta fito. Wanda ya iso ya ji daga waje, ya tsaya a bakin ƙofa. Kada ya ƙwanƙwasa.