Kamerar Da Ba Ta Taɓa Fita Ba

Jama'a, yau da safe na tsaya gaban kwamitin ladabtarwa na jami'armu, hula a hannu, gumi har cikin takalmi. Laifina shi ne na bari wata ɗalibar sashen fim ta yi fim. Ba zan faɗi sunan jami'ar ba, don har yanzu a can nake cin abinci, kuma dosiyen ƙarin girmana, wato fayil ɗin takarduna, yana kan teburin ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a kaina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rufa'i, shekarata goma sha biyu ina koyar da yadda ake ba da labari da kamera. Na san lokacin da ya kamata a matso kusa da fuskar mai kuka, na san lokacin da ya kamata a ja baya a bar shi da kukansa. Amma duk wannan da alli kawai nake yin sa. Idan ina son nuna wa ɗalibai abin da kamera ke gani, sai in haɗa yatsu huɗu in leƙa ta tsakiya, su ma su haɗa nasu. Mu arba'in a aji, muna leƙen juna ta yatsu.

Maƙwabcina Alhaji Lukumanu, wanda ya zo daga Nijeriya bai daɗe ba, yana sayar da atamfa a unguwar Bololo, ya tare ni rannan a ƙofar gida.

"Ustaz, wai da gaske ba ku da kamera?"

"Muna da ita, Alhaji."

"Ina take?"

"Tana akwati."

Ya dube ni da tausayi. "Allah ya taimaka. Ni ma ina son buɗe makarantar koyon tuƙin mota. Har na sayi bencina."

Ba ƙarya na yi masa ba. Shekara uku ke nan da wasu baƙi masu kirki suka ba sashenmu kyautar kamera sabuwa dal. An yi biki, an sha lemo, an yi jawabai. Da aka watse, Ranka-ya-daɗe Mai Mabuɗi, wato shugaban da Allah ya ɗora mana, ya mayar da ita akwatinta, ya kai akwatin wani ɗan ɗaki a bayan buronsa, wato ofishinsa, ya kulle. Dole a yaba masa. A ƙasar da kayan hukuma ba sa kai wata shida, tamu ta yi shekara uku ko ƙwarzane babu. Ni kuwa an girmama ni da muƙami: duk Juma'a ana ba ni mabuɗi na minti goma in shiga in goge akwatin.

Sai ku ce, to ɗalibai su ɗauka da wayoyinsu mana. Ai manyanmu sun riga ku tunani. Doka ta ce ba a karɓar fim ɗin waya a aikin ƙarshe, don zai zubar da darajar jami'a. Saboda haka ɗalibinmu na shekarar ƙarshe yakan rubuta shafi sittin yana bayanin fim ɗin da zai yi da a ce ya yi shi. Mu kuma mu karanta, mu ce hasken shafi na ashirin bai yi ba, mu ba shi dipilom.

Haka muke zaune lafiya, sai ga Khairiyya. Mahaifinta Bahaushen Bololo ne, mahaifiyarta 'yar Gaoui, garin maginan tukwane. Ta same ni a inuwar dogonyaro bayan aji, ta ce, "Ustaz, ni ba zan rubuta shafi sittin ba. Fim zan yi."

Na ce, "Madalla. Kowa haka yake cewa a farkon shekara."

Ta ce kakarta Hajjo ita ce tsohuwar da ta rage a unguwarsu mai gina babbar randa, irin wadda yaro zai iya ɓuya a ciki. Idanunta sun fara dushewa, hannunta ya fara rawa, kuma ta faɗa wa 'ya'yanta cewa randar da za ta gina kafin damina ita ce ta ƙarshe. Khairiyya ta rubuta labari a kan haka: tsohuwa tana gina randa don jikarta da za ta koma birni, alhali ta san a birni firji ake amfani da shi. Kakar ta yarda za ta fito da kanta.

Na karanta labarin a tsaye. Shafi tara ne kawai, amma sai da na cire tabarau na goge. Na ce mata zan rubuta takardar neman izini.

Na rubuta. Mai Mabuɗi ya karanta, ya yi murmushi, ya ce, "Ma fi mushkila, Misye Rufa'i, babu matsala ko kaɗan. A kai wa kwamitin kayan aiki." Kwamitin kayan aiki mutum uku ne. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya yana karatu a ƙasar waje, na ukun shi ne Mai Mabuɗi, kuma ya ce ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba don shi mutum ne mai girmama shawara. Mako shida ina zirga-zirga. Hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Khairiyya ta daina tambayata, sai dai ta gaishe ni ta wuce, kuma wannan gaisuwar ta fi tambayar ciwo.

Ni ba jarumi ba ne, ku tambayi matata. Amma wata Juma'a na shiga goge akwati da jakata a kafaɗa, na fito da jakar ta ɗan ƙara kumbura. Don kada a ɗaga akwatin a ji shi sakayau, na zuba takardun darasina na shekara goma sha biyu a ciki. Nauyinsu ya zo daidai da na kamerar. Wannan ne karon farko da suka yi wa wani amfani a aikace.

Asabar da sassafe na shiga layin esans, wato fetur. Awa biyu ina tura babur taku-taku, da na iso bakin famfo mai zubawa ya ce, "Kalas, ya ƙare." Na sayi na kwalba a bakin titi, mai kalar shayi, na yi bisimilla na zuba. Muka kama hanyar Gaoui, Khairiyya da ƙanwar mahaifiyarta a kalando, wato babur ɗin haya, suna gaba, ni da dukiyar jami'a a baya, ina kauce wa kowane rami kamar na goyo jariri.

A tsakar gidan Hajjo mata sun taru, an kwaɓa yumɓu, tsohuwa ta zauna a kan tabarma. Na fito da kamera, na ɗora ta a kan ƙafafunta, na gyara tsayuwa, na yi wa jama'a ɗan bayani kan tarihin fim. Sannan na nemi inda ake kunnawa. Na danna nan, na danna can. Wani murfi ya buɗe da ban san da shi ba. Na ce, "Irin waɗannan na zamani sai sun ɗan huta bayan tafiya."

Khairiyya ta matso, ta yi ƙasa da murya don kada mata su ji. "Ustaz, ba ka sa batir ba. Kuma babu caji a cikinsa tun da aka kawo shi. Na zo da wani."

Ashe duk ƙarshen mako takan tsallaka gadar Ngueli zuwa Kusiri, garin da ke tsallaken iyaka, tana taya wata mai ɗaukar bukukuwan aure. Cikin minti biyu ta tayar da kamerar. Ni kuma ta miƙo mini murfin kwali da ta liƙa wa takardar azurfa, ta ce in tsaya can in riƙa mayar da hasken rana kan fuskar kakarta. Haka na yini, malamin jami'a, hannu sama. Hajjo ta ɗago ta dube ni, ta tambayi jikarta da Larabci, "Wannan bawan Allah mai fifita, an ba shi ruwa kuwa?"

Amma na ga abin da ban taɓa gani ta tsakanin yatsuna ba. Tsohuwa ta rufe ido tana zagaya bakin randa da tafin hannu, rawar hannun ta tsaya cak. Babu wanda ya ce wa Khairiyya ta matso kusa, ta matso. Kwana uku muka yi muna zuwa. Juma'a ta zagayo, na mayar da kamera, na kwashe takarduna, na goge akwati har yana ƙyalli.

Ranar da ɗalibai ke kare aikinsu gaban malamai aka nuna fim ɗin, minti goma sha ɗaya. Aka kalle shi har ƙarshe. Sai Mai Mabuɗi ya yi gyaran murya ya ce hoton ya yi kyau da yawa. Da me aka ɗauka? In waya ce, doka ta hana. In kamerar sashe ce, rajista ta nuna ba ta taɓa fita ba, ke nan ko dai fim ɗin babu shi, ko kuma ɗaliba ta yi sata, hukuncin sata kuwa kora ne. Khairiyya ta tsaya ta sunkuyar da kai, ta ƙi ambatar sunana.

Ina so in ce muku nan take na miƙe. A'a. Sai da na tuna dosiyena, na tuna shekaruna, na ƙirga fankokin ɗakin, guda huɗu ne, ɗaya ke aiki. Sannan na miƙe, na ce, "Ranka ya daɗe, ni na fitar da ita."

Wannan ne ya kai ni gaban kwamitin ladabtarwa yau. Na shiga na riga na shirya abin da zan faɗa wa iyalina. Sai na tarar da Mai Mabuɗi fuska a sake, har da miƙo mini hannu. Ashe jiya saƙo ya iso: baƙin da suka ba da kamerar za su zo ranar Alhamis su ga finafinan da aka yi da ita cikin shekara uku. Aka duba sama, aka duba ƙasa, fim ɗaya ne tak a jami'ar.

"Misye Rufa'i," in ji shi, "ai na ba ka izini da baki. Ka manta na ce maka ma fi mushkila?"

Na ce, "Wallahi ka faɗa, ranka ya daɗe."

Aka yanke hukunci. Khairiyya ta ci da yabo, fim ɗinta ya zama shaidar hangen nesan shugabanci, kuma za a ƙara sunan Mai Mabuɗi a farkonsa da manyan baƙaƙe. Ni kuma an ba ni takardar gargaɗi, saboda na kasa tunatar da shugaba a rubuce izinin da ya ba ni da baki. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Da na fito na tarar da Khairiyya a bakin ƙofa tana waya da Gaoui, tana kuka tana dariya, tana ɗaga murya don tsohuwa ta ji.

Af, na kusa mantawa. A matsayina na ƙwararren sashe, ni aka ɗora wa nauyin nuna wa baƙi yadda ake sarrafa kamerar ranar Alhamis. Shi ya sa yau na taƙaita surutu. Khairiyya ta ce in same ta bayan la'asar da biro da littafi, kuma ta gargaɗe ni cewa ba ta son ɗalibi mai makara.