Takobin Wuta da Dillali Mai Gemu

Na rantse ko dafa littafi na yi ba za ku yarda ba, amma ku tambayi mai askin layinmu, a kan kujerarsa aka ƙare.

Wani ne ya kamu da wasan yaƙin nan na waya. Kullum sai ƙanin matarsa ya sare shi a ciki, sannan ya zo gidansa cin abinci yana cewa, "Yaya, ya jiki? Na ga ɗazu ka mutu." Abin ya ishe shi, ya ce sai ya mallaki takobin wuta. A cikin wasan tsada gare shi, sai dai wajen 'yan bayan fage. Ga shi da tsoron cuta: mutumin da ke canza lambar sirri kullum har shi ma ya kasa shiga.

Ya same ni a shagon aski. Kun dai san ni, daga aji uku na bar makaranta saboda malaman sun daina gane karatuna.

"Gwani, yaya ake sayen kayan nan ba a damfari mutum ba?"

Na ce, "Kada ka kuskura ka tura wa mai kaya kuɗi. Dillali ake samu ya riƙe, sai kaya sun shigo hannunka ya sake su."

"Ina zan samu dillali mai tsoron Allah?"

"Akwai wani dattijo."

Na ba shi lambar mai takobi, na ba shi ta dattijo. Wayar mai takobi tana aljihuna na dama, ta dattijo tana na hagu.

Mutumin nan ya yi bincike kam. Ya rubuta wa dattijo ya turo hotonsa. Na lalubo hoton wani tsoho mai gemu har ƙirji na tura. Ya nuna mini, ya ce, "Dubi fuska. Wannan ko tsintuwa ba ya ci." Nan take ya tura kuɗin gyaran firjin matarsa.

Washegari mai takobi ya rubuto cewa ba a aika takobin wuta tsirara, zai ƙone waya, sai an sayi kube. Mutumin ya tambayi dattijo, dattijo ya ce gaskiya ne, jikansa ma haka ya yi asarar batir. Ya tambaye ni, na ce, "Tunda manya sun faɗa." Ya biya. Bayan kube sai kuɗin wasawa. Bayan wasawa sai takobi ya huce a hanya, ana neman na gawayi. Shi kuwa ƙanin mata yana ta kashe shi safe da yamma, uwargida tana ta tambayar ina mai gyaran firji.

Ran nan ina kan kujerar aski, an yafa mini ƙyalle, an kwashe rabin kaina. Wayoyin na miƙa wa mai aski ya sa mini a caji. Sai ga mutumin ya shigo fuska a murtuke.

"Gwani, ta ce yau ko firji ya yi sanyi ko ni in kwana a waje. Na gaji da rubutu, kiran mai takobin nan zan yi."

Na ce, "Ba a kiransu, doka ce."

Ina! Ya riga ya danna. Waya ta hau ruri a kan kanta. Mai aski ya leƙa, ya ce, "Taka ce."

Na ce, "Bar ta, 'yan talla ne."

Mutumin ya ce, "Ka gani, ba ya ɗauka. Bari in kai ƙararsa wajen Baba dattijo."

Ta biyun ma ta ɗauka. Mai aski ya kashe injin. Ya dubi wayoyin, ya dube ni ta madubi, ya kai hannu ya murza makullin ƙofa. Masu jiran layi suka gyara zama.

Mai aski ya ce, "Baba, ashe gemun ka aske?"

Na ce, "To, wasa ne. Gwada shi nake in ga ko ya iya taka-tsantsan. Zan mayar masa da kuɗinsa."

Mutumin ya dube ni, ya lanƙwasa yatsu uku yana ƙirgawa. Ya ce, "Ku uku kuka haɗu a kaina: mai takobi, da dattijo, da kai. Kowa ya biya ni."

"Haba, ai duk ni kaɗai ne."

"To ka biya musu, in kun haɗu sa ba ka."