Amaryar Roba a Lungun Gareji

Akwai wani aibi da ya yawaita a tsakanin maza: idan mutum ya bi hanya bai ga abin tsoro ba, sai ya yanke hukuncin cewa babu abin tsoro a cikinta ga kowa. Wani dillalin shaguna da ake kira Gajere yana cikin masu wannan aibi. Taubashiyarsa, 'yar kawunsa mai ɗinkin kayan mata, an ce ta tashi daga shagonta, shi kuwa ya samo mata wani a ƙarshen lungun da ya ratsa bayan garejin makanikai. Mai shagon ya ce a karɓi mabuɗi a ranar, in ba haka ba ya ba wani. Da hantsi Gajere ya je wurinta, ya tarar ta ɗaure kaya ta zauna ta yi tagumi.

"Lafiya dai, Uwar Tsoro? Tashi mana, mabuɗi na jira."

"Sannu da zuwa, bawan gidanmu. Hau kujera in gan ka."

"Ni ne bawa? Ni da na samo miki shago mai taga biyu?"

"Shagon ya yi. Hanyarsa ce ba ta yi ba."

"Lungun? Tun ina rarrafe nake bin sa, ko kare bai taɓa yi mini haushi ba."

"Karen ya gan ka ne? Ai sai ya sunkuya."

"Ke dai inuwarki ma sai kin yi mata sallama kafin ki yarda ta bi ki."

"Gajere, masu kawo mini ɗinki mata ne. Jiya na bi ta can. Dama bango, hagu matattun motoci, babu ƙofar gida ko ɗaya da mutum zai faɗa in an biyo shi. Ga maza jere a kan tayoyi, suka zuba mini ido har na manta yadda ake taka ƙasa."

"Mamaki suka yi, sun ga tulu na tafiya. Mutanen kirki ne, kullum sai sun gaishe ni."

"Kai suke gaisarwa."

Sai ya shiga jero hujjoji: rana ce tsaka, hanyar ba tsawo, kuma ba a taɓa jin an cuci kowa a wurin ba. Duk gaskiya ne, amma babu hujjar da ta taɓa abin da ta faɗa.

"To, bawa, fara kai mini waccan," in ji ta. Ta nuna mutum-mutumin roba da take tallan ɗinki da shi, sanye da doguwar riga da mayafi. "In ka kai ta lafiya, ni ma zan bi."

"In na kai ta, ke ce baiwata har tsufa."

Ya saɓa ta a kafaɗa ya kama hanya. Da ya shiga lungun, motocin suka ɓoye shi saboda gajarta, robar kaɗai ake hange. Sai ya ji fito.

"'Yan mata, ji mana!"

"Ba magana? Girman kai ne?"

Ya san muryoyin. Su ne masu ce masa "ranka ya daɗe" kowace safiya. Sa'an nan ya ji takun mutum a bayansa, ga shi rigar ta rufe masa gefen fuska, ba ya ganin mai zuwa. Ya lura ƙafafunsa sun ƙara sauri ba da izininsa ba. Ya duba dama, bango ne. Kafin ya ankara, wani hannu ya fizgi mayafin.

Ya juyo. Makanikan suka kwashe da dariya.

"Au, Gajere, kai ne? Wasa muke yi!"

Ya yarda wasa suke yi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, mai tafiya ba ta da hanyar sanin haka sai hannun ya riga ya iso.

Ya koma da kayansa a kafaɗa.

"Ya ka dawo da amarya? Dangin ango sun ƙi ta?"

"Ta ce shagon bai yi mata ba."

"Robar ce ta yi magana?"

"Ta fi ki hankali, a kunne ta raɗa mini."

"Wannan shatin yatsun baƙin mai a mayafinta fa? Na mutanen kirki ne?"

Gajere ya yi dariya, ya zaro wani mabuɗi daga aljihu, na ɗakin da ya kama wa kansa a bakin babban titi don ya yi ofis.

"Na sallama, uwar ɗakina. Karɓi. Taga ɗaya ce, kada ki dame ni."

"Allah ya ƙara maka tsawo, bawana."

Yau tana ɗinkinta a bakin titi, mata na shige da fice. Shi kuwa Gajere a ƙarshen lungun ya buɗe ofis, makanikai suna kiransa Angon Roba. Idan mace ta zo neman shago, ba ya fara lissafa mata tagogi. Sai ya ce ta je ta bi hanyar da ƙafarta tukuna, ta dawo ta gaya masa.