Sandunan Rijiya ta Biyar

"Lafiya lau, lafiya lau, bar gaisuwar nan haka, Dogo. Matsa min kujera."

Guntuwa ce ta faɗo ofishin taubashinta Dogo da kwamfuta a hammata, mayafinta na jan ƙasa. Ita 'yar kawunsa ce, shi kuma mai rubuta manhaja ne a wani ƙaramin kamfani. Shekara biyu ta yi tana gwada wata matatar ruwa ta yumɓu da ta ƙera, a rijiyoyi biyar. Ƙarfe biyu na ranar za ta kare aikin digirinta a gaban malamai, ga shi sha ɗaya ta gota.

"Farfesar rijiya! Wa ya biyo ki? Ko kwaɗin da kike ƙirgawa ne suka yi miki tawaye?"

"Ƙwayoyin cuta nake ƙirgawa, jahili. Da safen nan malamina ya ce giraf ɗina, wato zanen sakamakon awon da na yi, ba shi da sandunan kuskure, kada in kuskura in shiga haka."

"Wane irin sanduna? Na duka? Ai kin daɗe da cancanta."

"Ɗan layin nan da ake ɗorawa a kan kowane ɗigo, mai nuna iya inda awon zai iya kaucewa sama ko ƙasa. Na saka su. Duba abin da ya fito."

Ta juyo masa da kwamfutar. Kowace rijiya ɗigo biyu gare ta, na ruwan da ba a tace ba da na wanda aka tace. Daga kowane ɗigo sanda ta miƙe zanƙalƙal, wasu har sun fice daga shafin, duk sun shiga cikin juna.

"Kai! Waɗannan ai sun fi ki tsawo. Koda yake wannan ba abin yabo ba ne."

"Dogo, ka san ma'anarsa? In sandunan suka haɗe haka, ba ni da bakin cewa matatar tana aiki. Shekara biyu ke nan a banza. Baba ya gayyato abokansa, Gwaggo tun jiya ta goge kayanta."

Da ya ji ta ambaci mahaifiyarsa cikin wannan murya, sai ya janyo kwamfutar gabansa.

"Ni da na koya wa kwamfuta magana, wannan ne zai gagare ni? Ina layin da kika kira laburaren zanen, manhajar da ke zana miki giraf ɗin?"

"Kai da ka maimaita aji uku?"

"Malamai ne suka roƙa in zauna, ba sa son rabuwa da ni. Wannan jerin lambobin da kika ba shi fa, mene ne?"

"Iyakar sama da iyakar ƙasa ta kowane awo."

"Haka kika miƙa masa su ɗungurungum?"

"To da yaya zan miƙa? Da durƙuso?"

Dogo ya duƙufa yana karanta bayanin laburaren. Fanka na ta kaɗawa, Guntuwa na ta duban agogon bango. Sha ɗaya da rabi.

"Yi magana mana, kana kashe ni!"

"Ba iyaka yake nema ba, tazara yake nema. Ɗigonki yana kan tamanin, iyakarsa tamanin da shida. Shida za ki ba shi. Ke kuma kin ba shi tamanin da shida, shi ko bawan Allah ya ɗora a kan tamanin. Ɗebewa kawai za ki yi, lissafin 'yan firamare."

"Matsa. Da hannuna zan gyara, kada gobe ka ce kai ka yi min digiri."

"Ai ko yanzu na riga na faɗa."

Ta gyara layi biyu, ta danna, ta rufe ido. Da ta buɗe, sandunan sun dawo 'yan gajeru. Rijiya ta ɗaya zuwa ta huɗu, tsakanin ruwan biyu fili ne fetal. Ta sauke numfashi, sai kuma ta ƙame. A rijiya ta biyar sandunan biyu na taɓa juna har yanzu.

"Wannan kuma wane kuskuren ne?"

Dogo ya duba, ya sake dubawa. "Babu. Haka take."

"Sau huɗu kacal na auna ta kafin ta rufta," ta ce a hankali.

"To kawo in ɗan rage mata tsawo. Wa zai sani? Ko mu goge rijiyar, ai ta riga ta mutu."

"Taɓa ka gani! Mutane za su sha ruwan nan saboda abin da na rubuta. Zan ce musu huɗu sun tabbata, ta biyar ban sani ba."

"In suka kayar da ke fa?"

"Su kayar." Ta juyo gare shi. "Kana ganin za su kayar?"

Dogo ya dube ta, ya nemi abin tsokana ya rasa. Sai ya yi dariya, ya ɗaga hannu biyu.

"Na sallama. Da ni ne, da tuni rijiyar nan ta ɓace."

Ya buɗe durowa ya ciro burodi da ƙwai da ya ɓoye wa kansa, ya tura mata.

"Ci, na san tun jiya ba ki sa komai a ciki ba. Zan buga miki giraf ɗin mai launi, in kai ki da kaina."

"A wannan akwalar motar taka?"

"Ci da sauri. Ke za ki tura ta."