Kalmasar da Ido Ba Ya Gani

"Ni fa na wuce ɗinkin da ido ke gani," in ji Mannir Tela, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa bencin mai shayi. "Duk telan da za ka duba bakin wandonsa ka ga zare, wannan ba tela ba ne, mai ɗinkin buhun masara ne."

Aboki, in ba ka san Mannir ba, tela ne a Ƙarfi, mai ɗan shagon langa-langa da ƙaton baki. Ya sayo wani keken ɗinki na gwanjo a Funtua, mai aiki da lantarki, mai wani maɓalli da ake murzawa a zaɓi irin ɗinkin da ake so. Tun ranar ya raɗa wa kansa suna Injiniya. 'Yan majalisa suka karɓa, suka yi masa ƙari: Injiniya Baki-Ya-Fi-Allura.

Abin da yake wa wannan cika baki kuwa ɓoyayyar kalmasa ce, wadda ya gani a waya. Aikin gaske ne, kada ka raina shi. Ana juya wando ciki waje, a kalmashe bakinsa, a sake lanƙwasa shi baya a bar ɗan leɓe. Keken sai ya riƙa tafiya a kan leɓen, bayan 'yan taku allura ta yi tsalle gefe ta ciji zare ɗaya ko biyu na jikin wandon. In an juyo waje, ɗigo-ɗigo kawai za ka gani, shi ma sai ka ƙura ido. Duk gwanintar tana cikin cizon nan. In ya yi zurfi ɗinki ya bayyana, in bai kai ba an yi aikin banza.

"To mun ji," in ji Sada, taubashinsa, wanda Allah ya halatta wa tsokanarsa. "A jikin wa za a gwada? Ka san dai mutanen garin nan da wandunansu suke zuwa masallaci."

"A jikin Alhaji Lawal."

Alhaji Lawal surukin Mannir ne, mahaifin matarsa Suwaiba, dillalin auduga mai yawan shiru. Yana da shago a bakin titi a Funtua da babu kowa a ciki, Mannir kuwa ya daɗe yana mafarkinsa. Sai ga shi Alhaji ya aiko da farar shadda a ɗinka masa wando, don shi ne waliyyi a ɗaurin auren 'yar ƙanensa a Malumfashi. Ya haɗo da saƙo gajere: in ɗinkin ya yi, a zo a karɓi makullin shagon.

Matsala ta farko ita ce awo. Ka san surukuta. Wa zai ɗauki tef ya zagaya ƙugun surukinsa? Tun da Mannir ya auri Suwaiba bai taɓa ɗaga kai gaban Alhaji ba. A tsugune yake gaishe shi, a tsugune yake jin amsa. In ka tambaye shi kamannin surukinsa, ƙafafu kawai zai siffanta maka. Ƙafafun kuwa manya ne, kamar faranti. Sauran Alhajin dai gajere ne.

"Bari in aika gida a kawo tsohon wandon Baba ka auna da shi," in ji Suwaiba. "Haka kowa ke yi."

"Shi ya sa kowa yake kowa. Ni idona tef ne. Mai irin wannan sawu dogo ne, ko bai sani ba."

"Ubana ne fa, Mannir."

"Ke 'yarsa ce, ni injiniya ne. In ya yi tsawo kalmasa za ta shanye."

Haka ya yanka wandon da zai ishi ɗan dambe. Da Suwaiba ta ɗaga shi ta ga ya kai mata ƙirji, sai ya yarda a lanƙwasa taƙi guda da rabi ciki.

Kafin ya taɓa bakin shaddar, ya fara gwaji da nasa wandon. Allura ta ciji da zurfi, ɗinkin ya fito waje kamar tsani. Ya sa almakashi ya datse ya sake. Ya sake fitowa kamar tsani, wannan karon karkatacce. Ya datse. Wandon ya tashi daga idon sawu ya koma ƙwauri, daga ƙwauri ya nufi gwiwa.

Sada ya leƙo. "Injiniya, wace ƙungiya ta saye ka? Gaba za ka buga ko baya?"

"Gwaji ne, jahili."

"Allah ya sa gwajin ya tsaya haka nan. Akwai mata a layin nan."

Mannir ya koma kan zanen Suwaiba. Nan ɗinkin ya tafi sumul, har ya yi kabbara. Da ya miƙe zanen ya biyo shi, don ya haɗa da gefen rigarsa. Suwaiba ta zo da reza ta raba mijinta da zanenta.

Sai wandon Alhaji. Yanzu Mannir ya gano abokin gabarsa: zurfin cizo. Ya murza maɓalli ya rage, ya ɗinka, ya juyo. "Ina ganin ɗigo." Ya warware, ya ƙara ragewa. "Har yanzu ina gani." Ya yi ta ragewa har ya juyo bai ga komai ba. Fari fat. Ko ɗigo ɗaya babu.

Ni da kai mun san dalili. Allurar tana tsallenta gefe, amma iska take cizo. A ciki ga layin ɗinki kyakkyawa ya zagaye leɓen shi kaɗai, bai kama jikin wandon ba ko sau ɗaya.

"Kamar bakin nan yana buɗewa," in ji Suwaiba.

"Sabuwar shadda ce, taurin kai gare ta. Dama mini sitaci."

Ya shafa sitaci mai kauri kamar koko, ya danne da dutsen guga har bakin wandon ya sandare kamar kwali. Ya kai majalisa, aka yi ta juya shi a rana. Sada ya ɗauko tabarau na aro ya duba, bai ga zare ba. Ran nan Mannir ya sha shayi da ƙwai biyu, ya fara tambayar wa ke rubuta allon shago a Funtua.

Ranar Juma'a suka cika mota zuwa Malumfashi. Alhaji ya fito tsaf, wandon ya tsaya masa daidai idon sawu. Mannir ya bi jama'a ɗaya bayan ɗaya yana raɗa: "Ku kalli ƙafar Alhaji. Ƙafar kawai. Wanda ya ga zare in ba shi keken." Kafin a kira salla babu wanda ya san kalar hular Alhaji, duk idanu na ƙasa.

Aka kawo buta. Alhaji ya tsuguna, ya yi alwala a natse, ya zo kan ƙafafu. Kuma shi mutum ne da ba ya ƙyashin ruwa. Ya zuba, ya cuɗa, ya ƙara zubawa. Ruwa ya samu bakin wando, sitaci ya tuna shi garin rogo ne.

Alhaji ya miƙe. Taku na farko, bakin dama ya saki, taƙi guda da rabi ya zubo ya rufe faranti. Taku na biyu, na hagu ya bi ɗan'uwansa. Ƙafafun da duk gari ke kallo suka ɓace gaba ɗaya. Taku na uku ya taka ƙafar wandon, ya yi gaba kamar zai yi ruku'u tun ba a tada salla ba, hannu ɗaya ya cafki zariya, ɗayan ya cafki kafaɗar uban ango. Farar shadda tana jan caɓalin alwala a bayansa.

"Innalillahi," in ji wani dattijo. "Alhaji, kai ka ragu ko wandon ya girma?"

Alhaji ya sunkuya, ya nannaɗe kowace ƙafa har ƙwauri kamar mai shiga fadama, ya shiga masallaci. A haka ya yi salla, a haka ya bayar da aure.

Da aka shafa fatiha, Mannir ya so ya sulale ta bayan motoci, Sada ya riƙo rigarsa ya kawo shi. Ya zube a tsugune, kai a ƙasa, yau ma ƙafafu yake kallo. Alhaji bai dube shi ba, surukuta ta hana. Sai ya dubi Sada.

"Sada, gaya wa ɗan'uwanka ya yi gaskiya. Mun duba, babu wanda ya ga zaren nan." Ya ɗan karkaɗe laka daga shaddar. "Har wandon ma bai gan shi ba."

Sada ya dafe ciki don dariya. "Alhaji, ya ce in tambaya, makullin shagon fa?"

"Wallahi ban ce ba!" in ji Mannir daga ƙasa.

"Yana nan," in ji Alhaji, ya shafa aljihu. "Na yi wa makullin irin kalmasarsa. Ya duba da kyau, ranar da ya gani ya ɗauka."