Lodin Cindo

Ni ne Barmo direba, wanda ya fara shigo da mota garinmu, tun ana ba ta wuta da hannu. Allah Ya ba ni basira da kyan gashin baki, sai Ya jarrabe ni da ƙanin matata, Cindo. Ƙato ne har da gemu, yana zaune da uwarsa Inna Talle maginiyar tukwane, kuma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana mota ta mutu, na ɗora shi a kujerata na ce, "Riƙe sitiyari, kada ya motsa." Na koma baya ina turi. Hanya ta yi kwana, mota ba ta yi ba, sai cikin rumbun liman.

"Cindo, ba ka ga rumbu ba?"

"Na gani, Yaya. Amma duba, ko motsi bai yi ba."

Wata rana na ce ya duba min tayoyin gaba, su daidaita da juna. Ya murɗa sitiyari, ya ga tayar da ke cikin kwana ta fi 'yar'uwarta karkata. Haka Bature ya ƙera ta, don ita ke bin gajeren zagaye. Cindo ya ce rashin adalci ne, ya sa guduma ya raba musu daidai. Ranar na nufi kasuwa, mota ta nufi kududdufi, tukwanen Inna da na ɗauko suka koma tsingaro.

Inna ta aiko matata da saƙo: in na ƙara fasa mata ko tulu ɗaya, jakin Korau ɗan dako za ta riƙa ba kaya. Matan gari kuwa inda Inna ta taka nan suke takawa. Ni Barmo, jaki ya ƙwace min aiki? Ga hanyar duk gargada, ga sifirin ɗin motar, ƙarafan nan da ke ɗauke da ita, masu taurin kai: in kaya ba nauyi, tsalle take kamar ɗan akuya.

Wata rana, ranar kasuwa, na ce, "Cindo, duk abin da ka gani a ƙofar gidan Inna, loda shi." Na tafi gyaran gashin baki. Na dawo na tarar da tukwane a mota, da dutsen niƙa, da turmi, da tubalin da za ta gyara katanga, da ita kanta Inna bisa kujerarta tana salati.

"Ita ma a ƙofa na gan ta, Yaya."

Rana ta yi, ba halin saukewa. Na ja mota ina ta Innalillahi. Ikon Allah! Nauyi ya danne sifirin, manyan ƙarafan ƙasa suka karɓi aiki, mota ta riƙa lilo kamar goyo. Muka isa ko murfi bai tsage ba, Inna har da gyangyaɗi.

Ta sauka ta ce, "Korau ya riƙe jakinsa. Allah Ya yi maka albarka, Cindo."

Cindo fa! Yau duk mai mota a yankin nan yana aza duwatsu kafin ya ɗauki tukwane, suna ce masa lodin Cindo. Ku gaya min tsakani da Allah, wa ya ce masa ya loda?